Abin da Baba Zai Ci

Asabar, da hantsi

Baba bai ci ba. Masar Indo na kai masa, ta bakin kasuwar Gwandu, da zafinta, wadda ya yi shekaru yana karyawa da ita. Na ajiye kwanon a gefen tabarmarsa, na durƙusa na gaishe shi, na fito zaure kamar yadda ya kamata.

Ni surukinsa ne, mijin 'yarsa Juwaira. Tun da aka ɗaura mana aure Malam Attahiru bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba, ni ma ban taɓa ganin tasa ba. Ko hannu ba ma haɗawa, daga nesa nake durƙusawa kaina a ƙasa. Mutanen gidan nan sun manta Fulatanci, amma kunyar tana nan daram. Sunana ma ba ya kira, sai dai ya ce Na Kalgo.

Da na koma ɗaukar kwano, masa ta huce, mai ya kwanta a kanta.

"Baba, ba a taɓa ba."

"Na ƙoshi, Na Kalgo. Allah shi yi albarka."

Ya ƙoshi da me? Tun ranar da muka binne Juwaira, muka dawo daga maƙabarta ya zube a bakin zaure, ban ga abin kirki ya shiga cikinsa ba. Ƙafar dama yake ja yana dafa bango, amma magana ta dawo sarai. Ba kowa a gidan sai ni da shi. Na rufe shagona na gyaran injin ban-ruwa a Kalgo na dawo nan, ina kwana a zaure.

Masar na cinye ta a bayan rumbu. Indo ba ta canza hannu ba.

Lahadi, bayan La'asar

Malam Haruna, ma'aikacin lafiya na unguwar nan, ya zo ya auna shi. Da muka fito ya ja ni gefe, ya ce maganin da Baba ke sha ba ya zama a cikin da ba kowa. In aka ci gaba a haka, sai an kai shi asibiti Birnin Kebbi a sa masa roba ta hanci. Ashe Baba yana jinmu.

"Ba ni zuwa," ya ce daga cikin ɗaki. "Can anka kai ta."

Juwaira yake nufi.

Ni dai abin da na gani, bakinsa ne ya mutu. Baƙin ciki yana kashe baki, na sani, ko da yake nawa ya ƙi mutuwa, abin kunya. In aka samo abin da ransa ke so, zai ci. Kuma in dai wajen sanin inda abinci mai daɗi yake ne tsakanin Gwandu da Kalgo, ban san wanda ya fi ni ba, sai mutum ɗaya. Ita ta san mai ƙosan da ke sa albasa da yawa, da mai furar da ba ta ƙara ruwa a nono, da ranar da mai tsire yake yanka sabuwar dabba. Duk abin da ubanta ke so tana riƙe da shi a ka. Ban taɓa tambayarta ba, don ban san zan buƙata ba.

Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Litinin, da safe

Koko da ƙosai. Kokon ya ragu kaɗan, ƙosan yana nan. Baba bai ci ba.

Laraba, bayan Magariba

Na hau babur na tafi Kalgo. Hanya ta yi kore shar, shinkafa ta fara fitar da kai a fadama. Na wuce kai tsaye wurin Ruƙayyatu mai kifi a bakin tasha. Kaskonta na nan a inda na san shi, da tiren nan mai lanƙwasasshen baki, da yajin ƙuli a gwangwani.

Nan muke tsayawa da Juwaira duk lokacin da muka dawo daga Gwandu. Ita tarwaɗa take so, kuma kan kifin, wai a nan daɗin yake. Ni sai a bar ni da tsakiya ina murna, ina ganin na cuce ta. Takan tsaya a bayan rumfa ta juya wa titi baya, ta ja mayafi, tana ci tana cewa in yi sauri kada wani ɗan garinsu ya gan ta. 'Yar Malam Attahiru tana cin kifi a tasha! Amma ba ta taɓa yarda mun wuce ba mu tsaya ba.

Ruƙayyatu ta gan ni, ta ajiye matsami, ta yi mini gaisuwa. Ta zaɓo manya ta naɗe a takarda. Sai da ta ɗauko kai za ta saka, ta tsaya, ta dube ni, ta mayar da shi tire.

Na biya gida na gaida Inna, mahaifiyata. Ba ta ɓoye ba.

"Abdulgani, yaushe za ka dawowa? Shagonka ruhe, mutane na ta zarya da injuna. Mutumen ga yana da ɗa namiji. Kai ka yi iya naka, ita kuma ta tahi inda za mu duka."

Na ce mata sai ya fara ci. Ta ce to in bai fara ba fa? Na ce rana na yi, kifi zai huce.

Ya huce ɗin. Na ɗumama shi a garwashi, na cire ƙaya tsaf, na kai, na fito. Baba bai ci ba. Amma ya ce, "Wanga na Kalgo na." Ya gane ƙanshin. Wannan kaɗai ya sa na ji daɗi yau.

Alhamis, da Azahar

Gwaggo Hajjo, yayar Baba, ta zo daga Kambaza. Da kyar aka sauko da ita daga mota, gwiwoyi sun kumbura, ido kuma sai dishi-dishi. Ta taho da fura da nonon rugar da ke bayan garinsu. Ita ba ruwanta da kunya, ƙanenta ne. Ta dama, ta shiga, ina jinta daga zaure.

"Attahiru, buɗe bakinka. Ni nig goye ka, ba ka yi mani taurin kai yau."

Ta fito da ƙwarya ta yi rabi. Na ce alhamdu lillahi, ashe fura ce maganin. Ta ce ba za ta iya kwana ba, jikokinta ba mai duba su, kuma hawa motar nan ya kusa kashe ta. Kafin ta tafi ta lalubo hannuna ta ce, "Ɗan nan, Allah shi ba ka mai yi maka."

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na sayo fura, irin ta jiya sak, har Kambaza na je. Na dama, na kai, na fito. Ta ragu kamar kurɓi biyu, sauran na gani a gaban rigarsa da kan tabarma. Na yi kamar ban gani ba.

Sai na ce bari in gwada nama. Ranar Juma'a Abu mai balangu yake yanka rago, a gindin darbejiyar da ke kusa da tashar Gwandu. A wurinsa na fara ganin Juwaira. Na zo gyaran inji, na zauna a benci na sa an yanka mini, na ƙara, na sake ƙarawa. Ita ta zo saya wa ubanta. Ta tsaya tana jira, sai na ji ta ce wa Abu a hankali, "In bawan Allah ya rage, a ba ni na Baba." Na ƙware, sai da Abu ya buga mini baya. Har bayan aure in ta so tsokanata sai ta ce bawan Allah, ka rage?

Abu ya tsufa, amma wuƙarsa ba ta tsufa ba. Ya zaɓo mini wuri mai laushi, da hanta, da ɗan kitse, ya yanka ƙanana don mai ciwo. Ya ce Malam ba ya son yaji da yawa, albasa yake so. Ka ga, ko wannan ban sani ba.

Baba bai ci ba.

Sahabi, ɗansa da ke Legas, ya kira. Ya ce yana nan tafe, uban gidansa ne bai sake shi ba tukuna. Makon jiya ma haka ya ce. Ba na jin haushinsa. To, ina ji, kaɗan.

Lahadi, da hantsi

Indo ta tare ni yau ina wucewa, tana juya masa a tanda ba ta ko duban hannunta.

"Ya jikin Malam? Shina cin masata?"

"Shina ci, Inna."

"Na sani. Bai taɓa mai da masata ba."

Ta ƙara mini biyu a kai ta ce a gaishe shi. Maƙwabta ma haka, kullum kwanon tuwo na shigowa, kullum yana komawa wankakke, suna ta murna Malam ya samu sauƙi. Ni ne Malam ɗin. Ba zan iya mayar musu da abinci ba, ba zan iya zubarwa ba. Wandona ya fara matse ni, shi kuwa wuyan rigarsa sai faɗi yake ƙarawa. Ban taɓa jin haushin cikina irin na kwanakin nan ba.

Litinin, da yamma

Ɗanwake da mai da yaji. A'a.

Talata, bayan La'asar

Dambun shinkafa da zogale. A'a. Na zauna a zaure da kwanon a gabana, yau ko ni na kasa.

Juwaira, kin tuna gidan abincin nan na Birnin Kebbi da na kai ki bayan sallah? Mai fanka da kujerun roba ja. Kika sa aka kawo soyayyar shinkafa da kaza, kika ɗanɗana kika ce shinkafarsu ba ta nuna ba, kazar kuma ba ta taɓa yawo ba. Aka kawo askirim, kika ce haƙoranki, kika bari ya narke kika shanye da cokali kamar koko. A hanyar dawowa kika sa na tsaya muka sayi rake da mazarƙwaila, kika ce yanzu aka ci abinci. Na yi fushi ranar. Yau zan ba da shagon nan da duk abin da ke cikinsa in sake yin wannan fushin.

Me ubanki yake so? Kin bar ni da shi ba ki gaya mini ba.

Alhamis, da hantsi

Abu ne ya tuna mini. Ya ce in Malam ya dawo daga wa'azi a ƙauye, yakan biya Masama ya sayi alkaki wurin wata tsohuwa. Na je da sassafe. Tsohuwar ta rasu, 'yarta ke yi yanzu, amma alkakin ya sha zuma har yana ɗiga. Na kai, na gaishe shi, na fito.

Na manta makullin babur a kan turmi a tsakar gida. Na koma a hankali don kada ya ji motsi ya tsargu. Labulen tagarsa ya ɗan zame. Wallahi ba leƙe na yi niyya ba.

Ya jawo kwanon gabansa. Ya sa hannun hagu ya kamo na dama ta wuyan hannu, ya ɗaga shi ya ɗora a kan alkakin. Yatsun ba su rufe ba. Ya matse su da na hagu, ya ɗago, kafin ya kai rabin hanya alkakin ya faɗi a tabarma. Ya sake. Ya sake faɗuwa. Sai na ga hannun hagu ya tafi shi kaɗai wajen alkakin, har ya taɓa shi, sai ya tsaya. Ya janye shi. Ya lashi zumar da ta shafi yatsun dama, ya mayar da hannun cikin riga ya rufe. Da gefen kwano ya tura abin da ya faɗi ƙarƙashin tabarma.

Yunwa yake ji. Duk kwanakin nan yunwa yake ji.

Na koma zaure na zauna. Ashe shi ya sa koko ke raguwa, don yana iya tallafe kofi da hannu biyu. Shi ya sa ya sha furar Gwaggo, don ita ta kai masa baki. Hannun hagu yake miƙa wa Malam Haruna in za a auna shi, ya ce na dama yana saki a hankali. Ni kuwa da ba na haɗa hannu da shi, ba na ɗaga kai in dube shi, ina ajiye kwano in gudu don ladabi, ta ina zan sani? Na zagaye ƙasar Gwandu da Kalgo ina neman abin da zai buɗe masa baki, ina kawo masa ƙanshi iri-iri ina ajiyewa a gabansa. Azaba na yi ta ba shi da hannuna.

Juma'a, da La'asar

Na gwada ta gefe. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, na ji wani malami ga rediyo shina cewa, wanda lalura tas sama, babu laihi shi ci da hagu."



"Malamin ya hwaɗi gaskiya. Na karantar da wanga tun ba a haihe ka ba." Ya gyara rigarsa. "Wa ab ba shi da lahiya?"

Na ce wani ne a Kalgo. Ya ce Allah shi ba shi lahiya, ya juya fuska bango.

Ya san halas ne. Sanin bai isa ba. Mutumin da ya tarbiyyantar da yara cike da zaure yana buge musu hannun hagu in sun kai shi kwano, ba zai iya ba, ko ba mai ganinsa. Kuma ba zai buɗe baki ya ce wa mijin 'yarsa ba ni a baki ba. Na kira Kambaza, aka ce Gwaggo Hajjo tana kwance, ƙafa ta ƙi taka ƙasa. In na gaya wa Malam Haruna ko maƙwabta, kafin Magariba unguwa ta ji, abin da yake ɓoyewa ke nan.

Asabar, da yamma

Malam Haruna ya ce jibi zai kawo mota, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba. Ban sayo komai ba yau.

Lahadi, bayan Azahar

Ban je nesa ba. Rumfar mai tuwo da ke bayan masallacin unguwa na je, wadda ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Tuwon shinkafa da miyar kuka, da ɗan man shanu. Na zo da buta da tasa.

Na ajiye kwanon, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Yana jira in fita. Ban fita ba.

Na zauna a bakin tabarmarsa na tanƙwashe ƙafa. Na wanke hannu. Na buɗe kwanonsa, na yi bisimilla, na yanko loma na kai bakina. A gaban surukina, a cikin kwanonsa. Gumi ya keto mini tun daga tsakiyar kai. Da Inna ta gan ni da ta ce ba ita ta haife ni ba. Loma ta farko ta wuce, na ji ƙarar haɗiyar ta cika ɗakin.

"Na Kalgo. Lahiya?"

"Yunwa nika ji, Baba."

Na yanko ta biyu. Na ce a raina in dai kunya ce, bari in fara zubar da tawa gaba ɗaya, ya ga ba abin da ya rage da zai ji nauyinsa. Na ci ta uku, har da tanɗe yatsa. Ina kallon bango, amma ina jin idonsa a kaina.

Can sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga gare shi ba. Dariya ce, 'yar ƙarama, ta fito da tari.

"Ashe gaskiya ta hwaɗi," ya ce. "Tac ce in kana ci, kunnuwanka na motsi. Nic ce mata ƙarya takai."

Ban san shi da Juwaira sun taɓa yin hirata ba. Na sake wanke hannu, na yanko 'yar ƙaramar loma, na mulmula ta, na tsoma a miya. Na miƙa hannu wajensa, fuskata na bango.

Hannuna ya daɗe a sama. Miya ta gangaro mini har gwiwar hannu. Na ji akuyar maƙwabta tana kuka, na ji wani ya wuce da babur. Na fara tunanin yadda zan janye hannun in fita daga garin nan in ƙi sake dawowa don kunya.

Sai na ji an karɓa.

Na yanko wata. Aka karɓa. Ta uku ya ce miya ta yi kaɗan, na ƙara. Muka yi ta yi, har na ji yatsuna sun taɓa gindin kwano. Ya sha ruwa, ya yi gyatsa, ya yi hamdala da ƙarfi kamar mai sanar da unguwa. Ni kuwa hawaye ke zuba, na rasa hannun sharewa, ɗaya duk miya, ɗaya na riƙe da kwano.

"Gobe ka sawo na mutum biyu," ya ce. "Ka cinye mani rabi."

"To, Baba."

"Kuma ka bar kallon bango, Abdulgani. Duk ka shahe mani gemu da miya."

Na juyo. Gemun kuwa ya sha kuka har gefen kunci. Na jiƙa gefen rigata na fara goge masa, ya ɗago kai don in ji daɗin gogewa. Duk shekarun nan ina surukinsa ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba. Sai yau na ga inda Juwaira ta samo idanunta.